Hatimin "Adalci" Ba Ya Hana Leƙen Kati

Kusan duk shafin poka na intanet da ka buɗe, za ka tarar da wani ɗan hatimi a ƙasansa mai shaida cewa masana sun gwada na'urar da ke cakuɗa katuna, sun tabbatar ba ta son kai. Da wannan hatimi kamfanonin ke rufe bakin mai ƙorafi. Hujjarsu ta biyu ita ce ba su da dalilin cuta, tunda kamasho suke cira daga kowane zagaye, ko wa ya ci. Duka hujjojin biyu yaudara ce, kuma tarihin sana'ar da kansa ne ya ƙaryata su.

Poka wasa ne da aka gina a kan rashin sani. A nau'in Texas Hold'em, wanda ya fi yaɗuwa, ana bai wa kowa kati biyu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiya. Gwaninta duka tana cikin hasashen abin da abokin karawa ya ɓoye. Wanda ya ga katin wani ya gama wasan, ko da na'urar rabo ta fi ma'aunin zinariya daidaito. A teburin zahiri idonka na kan hannun mai rabo. A intanet kuwa, kwamfutar kamfanin ta san katin kowa tun kafin ya iso gabansa. Tambayar da hatimin bai taɓa amsawa ba ita ce: wa ke da makullin wannan kwamfutar?

An sami amsar a 2007. A shafin Absolute Poker, wani mai laƙabin POTRIPPER ya lashe wata gasa da salon wasa wanda hankali bai ɗauka: yana ja da baya daidai lokacin da aka fi shi, yana afkawa daidai lokacin da abokin karawa ba shi da komai. Wanda ya zo na biyu, mai laƙabin CrazyMarco, ya nemi kamfanin ya aiko masa da tarihin wasan. Sai aka turo masa cikakken kundi mai ɗauke da rufaffun katunan kowa da bayanan 'yan kallo. 'Yan wasa a dandalin Two Plus Two suka bi shi layi-layi, suka gano wani ɗan kallo mai lamba 363 da ke bin teburin POTRIPPER, alamunsa kuma suna komawa cikin kamfanin. Da fari Absolute Poker ya musanta, daga baya ya amsa cewa daga gida aka yi ɓarnar.

Ba a gama da wannan ba, sai ta UltimateBet ta fashe, kuma ta fi muni. Shekaru aka kwashe ana leƙen katunan jama'a, har zuwa farkon 2008. Hukumar caca ta Kahnawake da ke Kanada, wadda ta ba shafukan biyu lasisi, ta ambaci Russ Hamilton, zakaran babbar gasar poka ta duniya na 1994, a matsayin jigon maguɗin. Ta ci UltimateBet tarar dala miliyan 1.5, aka kuma mayar wa waɗanda aka cuta kimanin dala miliyan 22. Absolute Poker kuwa dala 500,000 aka ci shi. Babu wanda aka gurfanar gaban kotu a kan leƙen katin. Kamfanin da ya mallaki shafukan biyu a lokacin, Tokwiro Enterprises, na Joe Norton ne, tsohon shugaban al'ummar Kahnawake ɗin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A lura da waɗanda suka kama ɓarayin. Hukumar da ke karɓar kuɗin lasisi ba ta gano komai ba, masu buga hatimi ma haka. 'Yan wasan da aka kwashe wa dukiya ne suka tattara alƙaluma, suka nuna cewa sa'a ba ta kai inda waɗannan asusun suka kai. Makaminsu guda ne, wato tarihin wasa. Shi ya sa ya kamata a yi wa duk kamfanin da ke taƙaita wannan tarihi kallon tuhuma. A 2019 partypoker ya toshe wa 'yan wasa hanyar sauke tarihin wasanninsu kamar yadda aka saba, da hujjar kare sababbin shiga daga ƙwararrun da ke nazarin su da manhaja. Damuwar tana da tushe. Amma maganin da ya kwance wa mai ƙorafi makamin bincike, ya bar kamfani shi ne mai shaida shi ne alƙali, kamfanin ya fi yi wa amfani.

Sai batun kuɗi, wanda hatimin bai ko kalla ba. Ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafuka, suka tuhumi shugabannin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker. Nan asiri ya tonu. 'Yan wasa na bin Full Tilt kusan dala miliyan 390, abin da ke asusunsa kuwa bai wuce miliyan 60 ba, alhali masu kamfanin sun raba ɗaruruwan miliyoyi a tsakaninsu. PokerStars ya biya 'yan wasansa na Amurka cikin ɗan lokaci, domin kuɗinsu na nan a ajiye. Na Full Tilt sai da suka jira shekaru. Lambar da mutum ke gani a allon wayarsa alkawari ne kawai, kuma an bai wa kura ajiyar nama.

Masu kare sana'ar za su ce wannan tsohon zance ne, dokoki sun ƙara tsauri. Gaskiya ne cewa hukumomi irin na Birtaniya yanzu suna tilasta wa kamfani ya bayyana yadda yake adana kuɗin abokan hulɗarsa. Sai dai hanyoyin cuta sun fi dokokin sauri. A 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, wadda masanan Jami'ar Carnegie Mellon da na Facebook suka ƙera, ta doke ƙwararru a teburin mutum shida. Yau mai wasa ba shi da tabbacin cewa mutum ne ke gabansa, ko kuwa mutum ne da wata kwamfuta a gefe tana raɗa masa abin yi. A ƙarshen 2023 GGPoker ya amsa cewa wani ɗan wasa ya yi amfani da wata kafa a manhajarsa ya sami bayanan da bai kamata ya gani ba. A wannan karon ma 'yan wasa ne suka fara kwarmata zancen a bainar jama'a.

Mafi yawan masu karanta wannan ba sa caca, hukuncinta a addini kuma ba ɓoyayye ba ne. Amma hujjar da kamfanonin poka ke kafawa, ita ce dai kamfanonin cacar ƙwallo da manhajojin zuba jari ke karanta wa ƙannenmu: muna da lasisi, an tantance mu. Duk wanda ya riƙe kuɗin mutane da bayanansu, a tambaye shi abu uku. Wa ke iya ganin abin da aka ɓoye, kuma wa ke sa masa ido? Kuɗin jama'a na hannun wani amintacce dabam, ko suna aljihun kamfani? Wanda ke zargin an cuce shi, za a ba shi cikakken kundin da zai kai gaban mai binciken da kamfanin ba ya biya? Kamfanin da ya amsa waɗannan da nuna hatimi, a ɗauka bai amsa ba.