Kuɗin ruwa ba ya maganin zafin rana

Ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafi a ƙasar. Kwana biyu bayan haka Babban Bankin Turai ya ƙara kuɗin ruwa da rabin maki, karo na farko cikin shekara 11. Masu cinikin hannun jari sun yi makonni suna dakon labarin bankin, na zafin kuwa aka bar shi ga masu duban yanayi. Amma a wannan bazarar ce kogin Rhin ya janye har jiragen dakon gawayi suka kasa ɗaukar cikakken kaya, Faransa kuma ta rage ƙarfin wasu tashoshinta na nukiliya domin ruwan kogunan da ke sanyaya su ya ɗumama. Yaƙin Yukren ne babban dalilin tsadar makamashi a shekarar, babu musu, sai dai rana ma ta sa hannu.

Ɗan kasuwar Maraɗi yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Da ruwansa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655,957 kowane yuro guda, saboda haka in Turai ta tsananta bashi, bankin BCEAO da ke Dakar ba ya iya sakin nasa yadda ya ga dama, don kada kuɗi su gudu inda riba ta fi. Wanda ya ga 12 ga Janairu 1994, ranar da aka wayi gari sefa ta zubar da rabin darajarta, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da shawarar Dakar ke iya yi wa aljihu. Daga Yuni 2022 zuwa Disamba 2023 BCEAO ya ɗaga kuɗin ruwansa sau shida, daga kashi 2 cikin ɗari zuwa 3 da rabi, bai sassauta ba sai Yuni 2025, da ya rage rubu'in maki.

Hujjar bankin sananniya ce. In kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, kaya kuwa ba su ƙaru ba, farashi ya hau. A tsadada bashi, sai saye ya ragu, farashi ya sauko tsakanin kashi 1 da kashi 3 da bankin ya ɗaukar wa kansa. Maganin yana aiki in cutar yawan kuɗi ce. To, wane ma'aikacin gwamnati ne a Tawa ko Damagaram zai ce yawan kuɗi ne ya dame shi? Hatsi shi ne babban abin da ke cin albashi a nan, farashin hatsi kuwa sama ce ke yanka shi, da hanya, da iyaka. Lokacin da zafi ya ƙona alkamar Indiya, ƙasar ta hana fitar da ita a watan Mayu 2022. A Yuli 2023 ta hana fitar da farar shinkafa, buhu ya tashi daga Dakar har Yamai. Ko an kai kuɗin ruwa kashi 20, ba zai ƙara ƙwaya ɗaya a buhun ba.

Shekarar 2024 ce ta fi fito da abin fili. Ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48 da rabi, a ƙarshen watan azumi, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon watan. Nijar ta shiga wannan bazara da rauni biyu. Najeriya, wadda a lokacin take ba ta kusan kashi 70 na lantarki, ta yanke wuta tun Agusta 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a ɗage takunkumin CEDEAO ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Baitulmali kuma, da aka rufe masa ƙofar kasuwar bashi ta yankin, ya tara biyan da bai yi ba, ya koma kasuwar a Afrilu yana cin bashi da tsada fiye da maƙwabta. A shekarar hauhawar farashi a Nijar ta fi ta kowace ƙasa cikin takwas ɗin da ke cin sefa ɗaya.

Ga kuma abin mamaki, ko da yake ba mamaki ba ne ga wanda ya san kan kasuwar: a wannan shekara ma'aunin kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan ya ƙaru da fiye da rubu'i. Masu jari sun hango sassaucin kuɗin ruwa, Turai ta fara ragewa a watan Yuni, kamfanonin waya da bankuna suka raba riba. Madalla da su. Amma kamfani ɗaya tak na Nijar ke cikin jerin, wato bankin BOA, don haka duk mai kafa hujja da tashin BRVM yana cewa tattalin arziki ya miƙe, sai a tambaye shi na wa. Ma'aunin da ya shafi talaka yana kasuwar hatsi, da bakin injin niƙa, da shagon mai walda wanda ke zaune hannu biyu tun da NIGELEC ta ɗauke wuta, ko kuwa yana ƙona gazuwal a injin da ke cinye ribar yini.

Zafi haraji ne da ba majalisar da ta zartar. Yana rage sa'o'in aikin lebura da magini, yana ramar da dabba kafin ta kai kasuwa, yana ruɓar da tumatir a hanya. Manomin albasa na Galmi ya san nawa ke lalacewa a rudu tsakanin girbi da lokacin da farashi ke kyau, shi ya sa yake sayarwa da wuri a wulaƙance. Da zai samu bashi mai sauƙi ya gina ma'ajiya, da ya jira. Nan ne tsadar bashi ke ƙara wa Barno dawaki: dokar yankin ta 2014 ta yarda banki ya kai kashi 15, ƙananan asusun bashi kuwa kashi 24, kuma wanda ba shi da takardar fili ko babban ɗan uwa can sama ake kai shi. Sai ya zama maganin hauhawar farashi yana hana sayen faifan hasken rana, da firji, da famfon ban ruwa, abubuwan da su ne za su rage hauhawar. Ƴan kasuwar da ke ƙetarawa Jibiya da Kano sun ga irinsa da girma: Babban Bankin Najeriya ya tashi daga kashi 18,75 zuwa 27 da rabi cikin 2024 kaɗai, abinci bai fasa tsada a shekarar ba.

Da farashi ya sauko a Nijar cikin 2025, ba daga Dakar sauƙin ya zo ba. Damina ce ta yi albarka, duk da ambaliyar da ta rusa tsohon masallacin Damagaram a Satumba 2024, gwamnati kuma ta taƙaita fitar da hatsi. Ma'aikaci ya numfasa. Manomi da ɗan kasuwar da ya tara kaya da bashi su ne suka ji a jika.

Ba a ce BCEAO ya saki kuɗi kamar ruwan sama ba. Ƙasashen da suka gwada haka sun ga yadda kuɗinsu ya zama takarda. Abin da ake nema shi ne wakilan Nijar a majalisun bankin su tsaya kan a buɗe wata taga ta bashi mai rahusa, ta dogon lokaci, don ajiyar amfanin gona, ban ruwa da wutar rana, a kuma riƙa bayyana wa jama'a nawa ya isa rassan Maraɗi da Damagaram. Gwamnati ita ma tana da nata: rumbunan OPVN su cika tun lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, ba sai Afrilu ba, megawat 30 na tashar rana ta Gorou Banda, da aka kunna a 2023, kada ya zama abin nunawa baƙi kawai, madatsar Kandaji kuwa, da aka aza harsashinta tun 2008, jama'a na da haƙƙin a faɗa musu ranar gamawa da adadin abin da aka kashe. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago, waɗanda suka iya rufe gari kan haraji da albashi, har yanzu ba su sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar bukatunsu da ƙarfin da ya kamata ba.