Ɗaure Birki Ba Gyaran Birki Ba Ne

Unguwannin masana'antu uku da Kano ke tinƙaho da su, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, suna da wani abu guda da ya haɗa su: a kan titunansu babur da tirela ke gogayyar kafaɗa. Da sanyin safiya, a hanyar Panshekara ko ta Haɗejiya, ma'aikaci kan fito bisa babur ɗinsa, gabansa motar da ta ɗauko fatu ko buhunan roba, bayansa tankar mai. A watan Janairu na 2013 gwamnatin jihar ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, amma dokar ba ta raba ma'aikaci da babur ɗin zuwa aikinsa ba, ba ta kuma raba ɗan aike da nasa ba. Ran kowane ɗayansu yana rataye da wasu 'yan ƙarafa da ke cikin tayar baya, waɗanda akasarin mahaya ba su taɓa ɗora ido a kansu ba.

Abin da aka saba shi ne, idan mai babur ya ji birki ya yi nisa, sai ya ratse wurin bakanike ya ce, "Maigida, a ɗan ɗaure mini birki." Yaron gareji ya sunkuya, ya murɗa noti sau uku ko huɗu, a ba shi na goro, kowa ya kama gabansa. Wannan ɗabi'a tana da haɗari, domin sau da yawa ɓoye cutar ake yi, ba warkar da ita ba. Kafin a ga dalili, sai an leƙa cikin tayar.

A tsakiyar tayar baya akwai wani kwano na ƙarfe da ke juyawa tare da ita. Cikin kwanon akwai takalman birki guda biyu masu siffar jinjirin wata, an manna musu wata fata mai kaushi a doronsu. Su ba sa juyawa. Tsakanin bakunansu akwai ɗan ƙarfe mai fasalin ƙwallon dabino, a kwance. Idan mahayi ya taka feda, sandar birki za ta jawo wani hannu, hannun ya murɗa ƙwallon dabinon ya miƙe, shi kuma ya buɗa takalman su matse cikin kwano. Da ya ɗaga ƙafa, sifirin ya mai da su mazauninsu. Tsohuwar dabara ce. Louis Renault na Faransa ya fito da irinta tun 1902, kuma har yau ita ce a tayar bayan yawancin ƙananan baburan da ke yawo a Kano, saboda araharta da sauƙin gyaranta.

To, kowace taka birki tana cin wani abu daga fatar takalman. Fata na sirancewa, rata na ƙaruwa tsakaninta da kwano, feda na ƙara nisa. Aikin notin da ke ƙarshen sanda shi ne rage wannan rata, kuma littattafan da kamfanoni ke haɗowa da irin waɗannan babura galibi sun ƙayyade cewa feda ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya soma kamawa. Har nan babu laifi. Matsalar ita ce noti ba ya mayar da fatar da ta cinye. Duk murɗawa guda tana ƙara tayar da ƙwallon dabinon nan daga kwanciyarsa, har ya kusa miƙewa tsaye tun ba a taka ba. Ranar da ya miƙe sarai tsakanin takalman, yana iya maƙalewa ya ƙi komawa, taya ta daskare ana cikin gudu. Kafin a kai nan ma, ƙarfe ya soma cin ƙarfe, kwanon da ya fi takalma tsada nesa ba kusa ba ya rarake. Don haka ne masu ƙera babura da dama suka sa wata 'yar kibiya a jikin hannun birki da alama a jikin murfi: idan aka taka feda har ƙasa kibiyar ta daidaita da alamar, zancen noti ya ƙare, sai sababbin takalma. Wasu makanikai kuwa, maimakon haka, sai su zare hannun su gusa shi haƙori ɗaya, ko su cusa guntun gwangwani a bakin takalmi. Wannan ba gwaninta ba ce, toshe bakin shaida ne.

Ɗalibin kimiyya zai so ya san abin da ake nema daga waɗannan 'yan takalma. Birki ba ya ɓatar da kuzarin gudu, sauya shi yake yi ya koma zafi ta hanyar guga. Alal misali, babur da mahayinsa da kayansa masu nauyin kilo 200, a gudun kilomita 60 cikin awa, suna ɗauke da kuzarin da ya kusa jul 28,000, wanda ya isa ya ɗaga zafin kilo guda na baƙin ƙarfe da digiri kusan 60. Kuma kuzarin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi, haka ma nisan da za a ci kafin a tsaya. Sannan ga rabon jikin ɗan'adam. Ido zai ga fitilar tirela, saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, umarni ya gangara ta laka zuwa tsokar ƙafa. Wannan kan ci daƙiƙa guda ko fiye, kuma a wancan gudu daƙiƙa guda mita 17 ce. Wanda ya kwana yana aikin dare a Sharaɗa, ya fito idanu sun yi nauyi, nasa jinkirin ya fi haka. Ba a iya ɗaure jijiya da sifana. Abin da ke hannun mutum shi ne kada ya ƙara wa wannan jinkiri nisan feda da rashin fata.

Akwai kuma wata alaƙa da ba a cika lura da ita ba, tsakanin birki da sarƙa. Idan sarƙa ta saki, ana sassauta babban notin taya ne a ja tayar baya kaɗan. Amma kwanon birki da hannunsa suna jikin tayar, feda kuwa tana jikin gangar babur. Ke nan duk wanda ya ja taya baya ya ja sandar birki, ya rage wasan feda ko da bai taɓa notinta ba. Sai babur ya bar gareji takalma na gugar kwano a ɓoye, mai na ƙonewa a banza, kwano na ɗaukar zafi. Ƙarfe kuwa idan ya yi zafi buɗewa yake yi, kamun fata ma ya ragu, sai a zo wurin tsayawa a ji birki ya yi laushi. Ƙa'idar ba ta da wuya: sarƙa tukuna, birki daga baya, sannan a ɗora babur kan ƙafarsa ta tsakiya a juya taya da hannu a ji ko tana tafiya sakayau.

Ita kanta sarƙar, abin da ake kira miƙewarta ba miƙewa ba ce, 'yan ƙusoshin da ke gaɓoɓinta ne ke cinyewa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, shi ya sa cire gidan sarƙa don ado asara ce tsantsa. Ita ma wasan santimita 2 zuwa 3 ake bar mata a tsakiya, gwargwadon abin da littafin babur ya ce. In ta yi sako-sako tana iya tsalle ta sarƙe taya. In ta yi tauri, da an ɗora kaya bayan babur ya zauna sai ta ƙara ɗamewa ta ci boris. Baburan da ba a sa musu giya, masu bel na roba a cikin murfi, nasu daban ne: bel ba ya son mai ko kaɗan, ba a kuma ɗaure shi. Ana buɗewa a duba, in ya tsattsage ko ya sirance a sake wani.

Mai yiwuwa a ce duk wannan zancen mai ƙoshi ne, leburan da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba ina ya ga kuɗin sababbin takalma? Ƙorafin yana da tushe, ba kuwa za a raina shi ba. Sai dai takalman birki suna cikin mafi arahar kayan babur a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kuma jinkirta sayensu kan jawo sayen kwano sukutum, in ma abin ya tsaya a kan kwano ke nan. Wasu kuma sukan ce ai akwai birkin gaba. Gaskiya ne shi ya fi ƙarfin tsayarwa, domin nauyi gaba yake komawa idan an kama birki. Amma mahaya da yawa tsoronsa suke yi, ƙafa kawai suka saba da ita, musamman a kan yashi ko laka. Wanda ya jingina ransa ga birkin baya kaɗai, shi ya fi kowa bukatar sanin abin da ke cikinsa.

Buɗe kwanon ma yana da nasa ladabi. An daɗe ana haɗa fatar birki da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi. Zarurrukansa idan sun shiga can cikin huhu, ƙwayoyin da ke share datti a jiki ba sa iya narkar da su, sai su zauna suna jawo tabo, har su kai ga sankara bayan shekara 20 zuwa 40. Birtaniya ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005, amma ido ba ya bambance fatar da ke da shi da wadda ba ta da shi. Yaron garejin da ke kumbura kunci yana hura ƙurar kwano da bakinsa, ya kamata maigidansa ya miƙa masa jiƙaƙƙen tsumma.

A nan malaman sakandare suke da abin yi. Guga da zafi da buɗewar ƙarfe da aikin jijiya duk suna cikin manhaja, sai dai a warwatse, kowane a littafinsa. Tsohuwar tayar babur guda daga gareji ta isa ta tara su a kan tebur ɗaya. A ba ɗalibai rula su auna wasan feda a baburan da ke fake a harabar makaranta, har da na malamai, su rubuta nawa ne kibiyarsu ta riga ta kai alama.