Sanarwar Bayan Taron Injiniyoyi kan Adana Ilimin Aiki a Wayar Hannu

Mambobin ƙungiyarmu masu aikin ruwa, lantarki da hanyoyi sun yi zama a Kano domin duba abin da ke sa injiniya ya rungumi manhajar waya ta tara ilimin aiki, da abin da ke sa ya watsar da ita.

Taron ya nuna damuwa matuƙa kan ilimin da ke salwanta. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci na ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Ranar da ya miƙa makulli, yakan tafi da abin da babu shi a kowane fayil: inda tsohon bututu ya ratsa ƙarƙashin titi, da taransifomar da ba ta jure lodi a zafin bazara. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, an kammala ta Tiga a 1974, kuma waɗanda aka gina su a gabansu sun yi ƙaranci. Lokacin da aka sayar da kamfanonin da suka fito daga kamfanin lantarki na PHCN a 2013 ma, ƙwararru da dama sun bar aiki kusan lokaci guda.

Mahalarta sun gamsu da abin da masani Fred Davis ya nuna tun 1989, cewa mutum na karɓar fasaha idan ya ga amfaninta da sauƙin sarrafa ta, amma amfanin ne ya fi rinjaye. A wajenmu, amfani shi ne zane ya buɗe yayin da injiniya ke tsaye a bakin rami, a ƙauyen da babu sabis. Manhajoji irin su KoboToolbox da ODK sun samu shiga domin ana cike su ba tare da intanet ba, su tura bayanin daga baya. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

An kuma lura cewa injiniyoyi sun riga sun saba tura hotunan matsala a zaurukan WhatsApp ba tare da wani ya umarce su ba. Sha'awar na nan ke nan. Illa dai amsar dattijo kan nutse cikin gaishe-gaishe, idan kuma aka sace waya shi ke nan.

Batun da ya fi ɗaukar lokaci shi ne tsoro. Ƙaramin injiniya ba zai rubuta kuskurensa ba muddin yana zaton takardar tuhuma za ta biyo baya. Wasu manya kuma na gudun kada bayyana sirrin aiki ya rage musu daraja. Taron na ganin babu takardar umarnin da za ta warware wannan, sai shugabanni sun fara saka nasu darussan.

Saboda haka taron ya cimma matsaya cewa duk manhajar da ma'aikata za ta saya, a fara gwada ta a filin aiki, ta yi aiki babu sabis, ta kuma karɓi saƙon murya da Hausa domin masu gyara da ke tare da mu. Kuɗin data ya hau kan ma'aikata. A naɗi bayanan duk injiniyan da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya, a kiyaye Dokar Kare Bayanai ta 2023. Muna kira ga hukumar kula da aikin injiniya ta COREN da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE su riƙa lissafa irin wannan gudummawa cikin horon ƙara sani na mambobi.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren kwamitin sanarwa