MOTOCIN GWANJO MASU LANƘWASASSHEN ƘASHI: WA KE DUBA SU?

Duk wanda ya ratsa ta kasuwar motoci ta Berger da ke Apapa, cikin Ikko, zai ga motoci jere reras, an wanke su, an goge, sai ƙyalli suke yi kamar jiya aka fito da su daga masana'anta. Dillali zai buɗe wa mai saye inji, ya tayar, ya ce masa ya saurara. Zai nuna masa kujeru da na'urar sanyi da rediyo. Abin da ba safai yake cewa a leƙa ba shi ne ƙarƙashin motar, inda ƙashinta yake, watau abin da makanikai ke kira casis. Alhali kuwa da yawa daga cikin motocin nan ba da ƙafarsu suka fito daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba. Jan su aka yi, ko aka ɗora su a bayan babbar mota, goshi a rugurguje.

Ba yau aka fara shigo da tsofaffin motoci Nijeriya ba. A 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko, har ma'aikacin gwamnati matsakaici kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta zube, sabuwar mota ta gagari talaka, aka koma wa waɗanda Yarbawa ke kira tokumbo, Hausawa kuma suke ce wa Beljiyam ko 'yar Kwatano. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, kimanin kashi 40 daga cikin 100.

Sabon abu shi ne abin da ya biyo bayan watan Yuni na 1986 ɗin zamanin nan, watau Yunin 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da wannan farashi ne kwastan ke lissafin harajin fito. Mai shigo da mota ya tarar jarin da a da yake kawo masa lafiyayyu uku, yanzu ɗaya ma da ƙyar. To, mafita a wurin mutane da yawa ita ce sayen wadda ta yi haɗari, a gyara ta a nan gida inda ladan aiki yake da sauƙi.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan mota ta yi karo a Amurka, kamfanin inshora kan ƙiyasta kuɗin gyara. In ya ga kuɗin ya kusa kama darajar motar (a jihohi da dama ma'aunin shi ne kashi 75 daga cikin 100), sai ya biya mai ita, ya karɓe ta, a sauya mata takarda zuwa wadda ke nuna cewa ta lalace. Daga nan sai filayen gwanjo irin na Copart da IAA, inda mutum yana zaune a Ikeja ko Kano zai taya ta intanet. Adalci ne a faɗi cewa ba kowace irin wannan mota ce muguwa ba. Ladan makaniki a can yana da tsada ƙwarai, saboda haka akwai wadda ƙanƙara ce kawai ta lotsa mata rufi, akwai wadda sace ta aka yi aka gano bayan an biya mai ita, akwai wadda bamba da fitila da lagireto ne suka fashe. Irin waɗannan in an gyara su da kyau, tsuntsu ne daga sama gasasshe. Matsalar tana ga wadda bugun ya wuce fata ya kai ga ƙashi.

Ƙirar mota iri biyu ce, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bambanci. Akwai irin su Hilux da Land Cruiser da manyan motocin kaya, waɗanda suke da dogayen ƙarafa biyu masu kauri a ƙasa, kamar tsani a kwance, aka ɗora bodi a kai aka ɗaure da kusoshi. Akwai kuma irin su Corolla da Camry da Golf da Sharon, waɗanda bodin da ƙashin duk abu ɗaya ne, an haɗa su da walda tun daga masana'anta. A irin ta biyu, bugu a kusurwar gaba yana iya tafiya har ya karkatar da ginshiƙin ƙofa ko wurin da shakazoba ke zama, domin komai a manne yake da ɗan'uwansa. Masu ƙera motoci ba su yarda ma'aunin ƙashi ya kauce da fiye da kimanin milimita 3 ba. Wannan bai kai kaurin fensir ba.

In ya kauce fiye da haka, ƙafafuwan nan huɗu sun daina kallon wuri ɗaya ke nan. Mota ta riƙa ja gefe, sitiyari ya zauna a karkace, taya ta riƙa cinyewa ta ɓangare ɗaya, a kai ta wurin alaimen yau, bayan mako biyu ta koma gidan jiya. Wanda ke bin ta a baya zai ga tana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Wannan duk asarar kuɗi ce, ana iya jurewa. Abin da ba a iya gani shi ne mafi muni. An ƙera goshin motar zamani ne domin ya nannaɗe a hankali idan an yi karo, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ga mutanen da ke ciki, shi kuwa ɗakin fasinja an yi shi da ƙarfe mai tauri don kada ya matse. Goshin da ya riga ya nannaɗe sau ɗaya aka miƙar da shi, ba zai sake yin wannan aiki yadda aka tsara ba. Ranar da aka sake karo a kan hanyar Ikko zuwa Badun, ko tsakanin Jebba da Mokwa, inji ne zai shigo ya sami ƙafafun direba.

Yaya ake gyaran a nan? A yawancin garejin bakin titi, sarƙa ake ɗaura wa ƙarfen, a ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiya ko turke, a sa jak, a kunna wutar gas a gasa wurin har ya yi ja, a ja, a bubbuga da guduma, a duba da ido. Sa'an nan a shafe da fila, a fesa baƙin fenti a ƙarƙashi. Ba raina masu bugun bodi ake yi ba. Cikinsu akwai gwanaye waɗanda hannunsu ya fi na takwarorinsu na Turai, kuma a zamanin Peugeot 504, da ƙarfen mota yake mai laushi, wannan dabara tana aiki daidai gwargwado. Amma ƙarfen motocin yanzu dabam ne. Taurinsa daga horon wuta da aka yi masa a masana'anta ya samo shi, kuma da zarar an sake gasa shi taurin ya tafi, ko da a ido ya miƙe sumul. Shi ya sa kamfanonin motoci suke hana miƙar da irin wannan ƙarfe da wuta. Ka'idar masu sana'ar ita ce: in lanƙwasa ce mai sauƙi, a ɗora motar a kan injin ja, a ɗaure ta, a ja a sanyi ana aunawa, in kuwa ƙarfen ya karye kwana ko ya tattare, a cire shi a sa wani, a daidai gaɓar da kamfani ya nuna. Akwai garejin da suke da wannan inji a Ikko da Abuja, amma kuɗinsu kan cinye ribar dillali, don haka ba can yake zuwa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan, watau a yanke gaban wata mota ko bayanta daga kayan da ake sayarwa a kasuwar Ladipo, a haɗa da rabin wata da walda. Ga kuma jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari: sau da yawa ba a sa sabuwa, sai a liƙe murfin a kashe fitilar gargaɗin da ke gaban direba.

Abin tambaya shi ne, wace hukuma ce ke da alhakin gano wannan? Kwastan haraji ne damuwarta. Lokacin da ta fito da tsarin ƙiyasta haraji ta lambar casis a farkon 2022, masu fiton kaya sun yi yajin aiki a tashoshin Ikko, kuma cikin kukansu har da cewa tsarin bai bambanta lafiyayyar mota da wadda ta yi haɗari ba. Watau gardamar duk a kan nawa za a biya ne, ba wanda ya tayar da zancen ko motar ta cancanci hawa titi bayan an gyara ta. Jami'an VIO su ne ke ba da takardar shaidar lafiyar mota, amma kowa ya san a wurare da yawa takardar kan fito tare da sauran takardu ba tare da an ga motar ba. Jihar Ikko ta yi ƙoƙari tun 2017 da ta buɗe cibiyoyin gwajin mota da na'ura, inda ake auna birki da fitilu da hayaƙi da zaman ƙafafu, sai dai wannan gwaji ba zai faɗi ko an taɓa gasa ƙarfe ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, a kan titi take haɗuwa da motar, wani lokaci bayan mai aukuwa ta auku. Takardar Amurka mai nuna lalacewa kuwa, a tasha take mutuwa. Da an yi wa motar rajista an ba ta lamba, ta zama ɗaya da kowace.

Wasu na ganin a hana shigo da irin waɗannan motoci baki ɗaya. Ghana ta gwada. A 2020 majalisarta ta yi dokar hana shigo da motocin da suka yi haɗari da waɗanda suka haura shekara 10, amma dillalai da makanikai suka yi ca, gwamnati ta dakatar da aiki da ita kafin ranar farawa. A Nijeriya ma an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kuma ba wanda zai rantse cewa 'yan fasa-ƙwauri sun yi ritaya. Hani zai ƙara tsada ne kawai, ya kashe wa dubban masu bugun bodi da masu fenti abinci. Abin da ya fi kama hankali shi ne tarihin motar ya bi ta. Kwastan tana da lambar casis ta kowace mota da ta shigo ta tasha, tana kuma ganin halin da ta iso. Ba abin da zai hana a rubuta wannan a takardar mallaka, a kuma wajabta awon ƙashi kafin a ba irin wannan mota lamba. Dokar kare haƙƙin mai saye da aka sa wa hannu a 2019 ta riga ta wajabta a sanar da mai saye idan kaya gyararre ne. Hukumar da ke kula da dokar ba ta kai ƙafarta kasuwar motoci yadda ya kamata ba.

Kafin hukuma ta farka, nauyin yana wuyan mai saye, musamman fataken da ke sauka Ikko su ɗauki motoci zuwa Kaduna da Kano, da direbobin haya da ke zuba duk abin da suka tara a mota ɗaya. Araha dai ba ta ado. Lambar casis tana da haruffa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta wajen direba. In motar Amurka ce, sau da yawa rubuta lambar a intanet kaɗai kan fito da hotunanta na ranar gwanjo, kuma ana iya sayen rahoton Carfax. Bayan wannan a je da makaniki na kai, ba na dillali ba, a hau da ita kan rami. A duba ko tazarar ƙofofi da bonet ta yi daidai a dama da hagu, a ɗaga kafet da shimfiɗar but a nemi tattara ko sabuwar walda, domin waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce a jere, ta gareji kuwa tana da kumburi kamar tabon ƙuna. A sa tef a auna ƙarƙashi daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye. Layukan biyu tilas su zo ɗaya. Mayen ƙarfe ba ya kama inda fila ta yi kauri. Dillalin da ya ƙi a kai mota rami ya riga ya ba da amsa.

Wanda kuwa ya riga ya saya sa'an nan ya gano, sai ya fara da awo a wurin masu injin ja, kafin ya ƙara sayen taya ko shakazoba. In ƙarshen ƙarfen gaba ne ya ɗan kauce, ana iya dawo da shi a ci gaba da hawa. In Hilux ce ko makamanciyarta, ana iya sauya ƙashin ɗungurungum, muddin an daidaita lambar da ke takarda a ofishin rajista, don kada 'yan sanda su ɗauke ta a matsayin ta sata. Amma in bugun ya taɓa ginshiƙan ƙofa ko daɓen ɗakin fasinja, ko an tarar rabi biyu ne aka haɗa, to injinta da giyarta da ƙofofinta suna da masu saye a Ladipo da Panteka ta Kaduna, kuma abin da za a samu a can ya fi abin da za a samu bayan ta kife da fasinja bakwai da buhunan albasa a but.