Kunya Ba Ta Maganin Ciwo

Jama'a, a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar goro, likitoci na ce mata furostet. Sankarar da ke kama ta ita ce ta fi kowace sankara yawa ga mazan Nijeriya, kuma ta kan daɗe ba a ji alamarta ba.

Da fari likita ya kan auna jini. In ya yi shakka, akwai na'urar da ke aika sautin da kunne ba ya ji, amsa-kuwwar da ta komo ita ke zana hoton tsokar. A kan sa kan na'urar, mai kaurin yatsa, ta dubura, domin nan ne kusa da wurin. Hoton kaɗai ba ya tabbatar da sankara, amma shi ke nuna wa allura hanya, a tsinko 'yan tsoka kamar 12 a duba.

To, nan ne dattawanmu su ke tirjewa, su ce wannan tonon asiri ne. Ni kuwa na ce kunyar 'yan mintoci ta fi jinyar shekaru sauƙi. In ciwon ya kai ga ƙashi, sai dai lallaɓawa.

Mu da za mu fita koyarwa, mu a kan kai wa takardar asibiti a ƙauye mu karanta. In mun je hutu, mu roƙi iyayenmu maza da su ka kai shekara 45 su ga likita. Allah ya ba mu lafiya, amin.