Tsawa Ta Waya Take Shiga Shago, Ba Ta Ƙofa Ba

Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ya ratsa ta Tanut, ko ya karkata yamma zuwa Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, zai ga rufin gidaje da shaguna ya canza kama. Inda a da ba ka ganin komai sai indararo, yau ga parabol na Canal+, ga fano na hasken rana, ga dogon ƙarfe an kafa wa eriya don ta kamo tasha. Ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai Damargu fili ne fetal, dogayen itatuwa ba su da yawa, ita kuwa tsawa abin da ya fi tsawo ta fi faɗa wa. To, idan hadari ya haɗu tsakanin Yuli da Satumba, wannan ƙarfen da ka ɗaga sama shi ne ya fi kusa da ita.

Abin da 'yan kasuwa da dama ba su gane ba shi ne, ba sai aradu ta faɗo bisa ɗaki take yin ɓarna ba. Ko a maƙwabta ta faɗi, ko kan turken lantarki, ƙarfinta na bin wayar parabol ko ta fano ya shigo ciki. Faɗuwa ɗaya kan ɗauko wutar da ta kai amfiya 30,000. Cikin ƙiftawar ido dekoda ta ƙone, talabijin ta mutu, firijin Hajiya mai ƙanƙara da zoɓo ya tsaya. Mai shagon caji kuma ya wayi gari da bashin salular mutane a wuyansa. Jari ne na shekaru, galibi ma na adashi.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1752 Benjamin Franklin na Amurka ya nuna cewa walƙiya lantarki ce, kuma ana iya yi mata hanya ta sauka ƙasa. Ana ɗaure wayar tagulla mai kauri a jikin ƙarfen eriya, a sauko da ita ta bayan bango a miƙe, ba lanƙwasa, a haɗa da sandar ƙarfe mai rufin tagulla da aka kafa cikin ƙasa kamar mita 2. Ita ma wayar parabol a haɗa ta da wannan sanda a daidai inda take shiga ɗaki, tare da ɗan abin da masu gyaran lantarki ke kira parafudur.

Amma a nan Damargu akwai wata matsala. Busasshen rairayi ba ya shan wuta kamar ƙasa mai laima, don haka sanda ɗaya da aka soka a tudu kusan ado ce kawai. Sai an kafa biyu ko uku an haɗa su, a zurfafa, a zaɓi gefen da ruwa ke kwanciya. Wasu na zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, amma gishiri na cin ƙarfe, sai an riƙa dubawa kafin kowace damina. A duba kuma ko wayar na nan, domin tagulla na da kasuwa wajen ɓarayi.

Masu cewa salula ce ke jawo aradu, ba haka ba ne. Wadda ke jone da caji ita ce abin tsoro. Haka masu zaton dogon ƙarfen Airtel ko Moov na tsare unguwa duka: kansa aka yi wa kariya, ba shagonka ba.

Batun kuma ya wuce na dukiya. Ranar 28 ga Yuni 2011 tsawa ta kashe ɗalibai 18 a makarantar Runyanya ta ƙasar Yuganda, shi ya sa ake tunawa da wannan rana a matsayin ranar kariya daga tsawa. Gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano, cike da samari, ga eriya a sama ba wayar ƙasa, bai fi wannan aji tsaro ba.

A ganinmu laifin farko na masu sayar da kayan ne da masu kafawa, da ke ɗaura parabol su karɓi kuɗinsu ba su ko ambaci wayar ƙasa ba. Mai saye ya sa ta cikin ciniki tun farko. Kafin a samu hali kuwa, da jin cida a cire wayar eriya da ta lantarki daga jikin kaya, kada a mayar sai an yi minti 30 ba a ƙara jin tsawa ba.