Kwaɗo bisa gada, suna cikin rajista

A manyan biranen Turai samari da ƴan mata sun ƙago wata al'ada. Saurayi da budurwa sukan sayi kwaɗon ƙarfe, su rubuta sunayensu a kansa, su datse shi a shingen gada, sa'an nan su jefa mabuɗin cikin kogi. Wai ta haka babu mai iya raba su har abada.

Al'adar ta bunƙasa a birnin Rum na ƙasar Italiya bayan shekara ta 2006, bisa gadar Milvio, saboda wani littafin soyayya na Federico Moccia. Wajen 2008 ta isa Paris, inda gadar da ake kira Pont des Arts, bisa kogin Sen, ta zama matattarar masoya. Kwaɗo guda ba komi ba ne. Amma ranar 8 ga watan Yuni 2014 wani yanki na shingen gadar ya karye don nauyi, dole aka fitar da mutane daga kanta. Ranar 1 ga Yuni 2015 hukumar birnin ta sa ma'aikata suka soma kwashe kwaɗunan: ƙarfe wajen tan 45, watau nauyin buhu 450 na hatsi mai kilo 100. Aka sa gilashi a madadin shingen waya don kada a sake samun wurin rataya. Kuɗin gyara kuwa daga asusun jama'a ya fito, har da harajin waɗanda ba su taɓa datse wa kowa kwaɗo ba.

Mutumin Baudeta in ya ji wannan labari zai yi dariya, ya ce abin na masu kogi ne. Gaskiya ne, Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi kwari ne, ba ruwa mai gudu shekara duka ba. Sai dai kwaɗon soyayya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kowa ya san labarin wanda kan je wurin boka a ambaci sunan mace ko na miji bisa kwaɗo, a datse, a ce masa ya jefa cikin rijiya don ya mallaki zuciyar wani. Na Turai ma ya fi wannan dama, domin can mutum biyu ne suka yarda. Nan kuwa ana kulle mutum bai sani ba. Rijiyar kuma ta gari ce, daga cikinta mata ke ja wa yara ruwan sha.

Abin da ke tura mutane ga kwaɗo, can da nan, tsoro ne: tsoron a wayi gari an bar mutum shi kaɗai. Wannan tsoro ba abin raini ba ne a karkara inda, da an gama girbi, maza da yawa ke tafiya cin rani Nijeriya, Agadas ko Libiya. Wani ya dawo da damina, wani ya shekara uku babu labari, wani kuma sai labarin rasuwarsa. Ranar da matar ta tashi neman haƙƙinta da na ƴaƴanta gaban hukuma, babu wanda zai tambaye ta kwaɗo. Takarda za a tambaya.

Addini da al'ada sun riga sun tsara yadda ake ƙulla aure: waliyyai, shaidu, sadaki, da yardar masu auren. Hausawa igiya suka kira shi, ba ƙarfe ba, kuma igiya tana da hanyar kwancewa bisa ƙa'ida in zama ya gagara. Abin da ya rage shi ne hukuma ta san da auren. Dokar etasibil ta ranar 1 ga watan Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don a sanar da aure, haihuwa ko rasuwa. Wanda ya bar wa'adin ya wuce, sai ya bi ta wurin alƙali kafin ya samu takarda, ga tafiya, ga neman shaidu, ga ɓata ranakun aiki.

A nan ne aikin ya faɗa kan waɗanda suka gama makarantar yaƙi da jahilci. Mutumin da ya iya rubuta sunansa ya iya rubuta na ango da amarya, da ranar ɗaurin aure, da sunayen shaidu, tun goro bai ƙare ba a hannun mutane. Ya kamata limamai da masu gari su riƙa tuna wa waliyyai wannan magana a wurin ɗaurin auren kansa. Ma'aikatan etasibil su ma akwai nasu laifi in rajista ta ƙare ba a kawo wata ba, ko manomi ya yi tattaki daga ƙauye ya iske ofis a kulle. Ranar kasuwa ce mutanen ƙauye ke shigowa gari, ranar ce kuma ya dace a iske mai rajista zaune bakin teburinsa tun da safe.